"Rama cuta ga macuci ibada ne": wa ya cancanci ya faɗe ta?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Fim ɗin Indiya na 1975 mai suna Sholay ne ya tuno min da karin maganar nan. Thakur sufeton 'yan sanda ne, ya kama Gabbar Singh, shugaban 'yan fashin da suka addabi ƙauyen Ramgarh. Gabbar ya tsere daga kurkuku, ya zo ya kashe masa iyali har da jikansa ɗan ƙaramin yaro, daga baya ya sare masa hannaye biyu. Shi ne Thakur ya ɗauko ɓarayi biyu, Jai da Veeru, ya ce su kawo masa Gabbar da rai. In akwai wanda maganar nan ta dace da shi, to shi ne.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ka ɗora mata nauyin da ba nata ba. Ni a bakin iyayenmu a kan ƙananan abubuwa na saba jin ta: mai awo ya tauye maka mudu, gobe ka ƙi sayen nasa, abokin ciniki ya yi maka wayo, ka rufe masa ƙofa. Ba a faɗarta a kan jini.

Malamin Gwale: Hajiya ta yi gaskiya a wani ɓangare. Amma abin da ya fi damuna shi ne kiran abin ibada. Suratus Shura, aya ta 40, ta yarda a rama daidai da abin da aka yi, sannan ta ce wanda ya yafe ya kuma gyara, ladansa yana wurin Allah. Ramuwa halal ce da iyakarta, lada kuwa an rataya shi ne ga yafiya. Kuma ƙisasi a hannun hukuma yake, ba kowa ke zartar da shi ba.

Ɗan Fagge: Allah gafarta malam, ai hukumar ce ta gaza. A hannunta Gabbar ya kuɓuce. Ku tuna limamin ƙauyen, tsoho makaho, da aka maido masa gawar ɗansa Ahmad a kan doki. Wa ya tare masa?

Bazazzagi: Muhawarar nan an yi ta tun kafin fim ɗin ya fita. A ƙarshen da daraktan fim ɗin, Ramesh Sippy, ya fara ɗauka, Thakur ne ya kashe Gabbar bayan ya tattake shi da takalmi mai ƙusoshi. Hukumar tace fina-finai ta ƙi, lokacin ana cikin dokar ta-ɓaci ta firaminista Indira Gandhi, don ba ta son a nuna tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa. Aka sake ɗauka: ya tattake masa hannaye, 'yan sanda suka iso suka hana shi ƙarasawa. Wanda muka gani a silima ke nan.

Maman Ummi: Kuma kowa na maganar Thakur, an manta da Radha, matar ɗansa. An kashe mata miji, ta fara samun sauƙi da Jai, shi ma ya mutu a faɗan ramuwar. Sau biyu ta yi rashi. Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, amma zafin ai ba macucin kaɗai ya ƙona ba.

Ɗan Fagge: Wannan kam haka ne, Hajiya. Amma da ba a tunkari Gabbar ba, da har yau mutanen Ramgarh suna auna masa hatsi. Malam, wanda ya tashi don kare gari, shi ma mai ramuwa za a kira shi?