Sujadar Hausa ta ƙarfe biyu: karramawa ce ko wariya?

Maman Ladi: Jama'a barkanmu da Lahadi. Yau sai na faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Cocinmu a nan Kumasi ta ware mana sujadar Hausa da ƙarfe biyu na rana, a ajin makaranta da ke bayan coci, bayan Tonawa, wato Ashantawa, sun gama tasu sun watse. Wai karramawa ce. Ni wariya na gani, an dai shafa mata hoda. Shekarata tara a wurin, ban taɓa ganin ɗan arewa a kujerar dattawa ba.

Baba Tela: 'Yata, bi a hankali. Ina cikin waɗanda suka je da ƙafarsu suka roƙi wannan sujada. Kafin nan shekara shida ina zaman ta safe, awa uku cur da Tonanci, ba abin da nake tsinta sai "Yesu" da "Amin". Tonawa sun sami Littafi Mai Tsarki da harshensu tun 1871, namu cikakke ya fito a 1932. Me ya sa aka sha wahalar fassara, in ba don kowa ya ji Magana da harshen da ya sha a nono ba?

Ɗan Aboabo: Baba, Allah ya ja kwana, amma rabin masu zama a ajin nan ba Hausa suka sha a nono ba. Akwai Frafra, Kusasi, Busanga, Dagarti. Hausar zango da kasuwa ce ta haɗa mu. Mu kuma da aka haifa a nan, Tonanci ai ruwan sha ne. Ba harshe ne ciwon ba. Bara na gayyaci wata yarinya mai dako a kasuwar Kejetia zuwa ta safe. Ta yi wanka, ta ɗaura zanenta guda ɗaya mai kyau, da silifas. Matar da ke zaunar da mutane ta kalle ta sama da ƙasa, ta nuna mata benci na ƙarshe kusa da ƙofa, alhali gaba akwai wuri. Har ta juya ta ce wa 'yar'uwarta "paa-o-paa ce", wato 'yar dako, tana zaton ba na ji. Yarinyar ba ta sake takowa ba. Ku buɗe Yaƙub sura 2, mai zoben zinariya da mai tsumma, kamar a bakin ƙofarmu aka rubuta.

Baba Tela: To ka gani? Da ka kawo ta wurinmu da tana nan har yau.

Ɗan Aboabo: Wato mu gyara musu laifi ta hanyar kauce musu ke nan, Baba?

Kawu Mai Gadi: Ni ƙarfe biyun ta yi mini. Da asuba nake sauka daga aiki, in ban rintsa ba a coci zan yi barcin. Amma zancen ƙofa gaskiya ne. Ranar da na sa babbar riga da hula na je ta safe, wani saurayi ya tare ni wai wa nake nema. Na ce wanda kake nema. A zango ana ce mini na bi Tonawa, a coci ana ce mini malam ya yi ɓatan hanya. A 2019 Limamin Ƙasa, Sheikh Sharubutu, ya je cocin Christ the King a Accra ranar Ista, aka tarbe shi hannu bibbiyu, kowa ya yaba. Na ce ashe hula ba ta hana shiga, sai dai a duba kan wa take.

Malamar Asawase: Kawu ka ba ni dariya. Ni a ganina Baba da Maman Ladi kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta akuyar. Ku duba Ayyukan Manzanni sura 6. Masu jin Helenanci suka yi gunaguni ana tsallake gwaurayensu mata a rabon abinci. Manzanni ba su ce ku je bayan gida ku yi naku ba. Mutum bakwai aka zaɓa aka danƙa musu rabon, kuma duk bakwai ɗin sunayen Helenanci ne da su, su Istifanas da Filibus. A bar mana sujadarmu, amma a ba mu kujera inda ake yanke magana da inda ake ƙirga baiko.

Maman Ladi: Yauwa Malama, kin taɓo baiko! Ranar tara kuɗi ta "Kofi da Ama" kuwa, wadda ake kiran mutane bisa ranar haihuwarsu, ba a manta mu. Har tafinta ake nemowa ya ce 'yan Juma'a su fito, su Ɗanjuma, 'yan Asabar su fito, su Asabe. Mu yi rawa mu zuba. Silin ajinmu kuwa damina biyu yana yoyo, da bokiti muke sujada.

Baba Tela: Maganar yoyo na kai ta sau uku.

Maman Ladi: Ka kai wa wa, Baba? A bakin ƙofar taro ka tsaya ka ba da saƙo.

Malamar Asawase: Zan rubuta takarda da Turanci: dattijo ɗaya daga cikinmu, jibin Ubangiji tare sau ɗaya a wata da tafinta, sai gyaran silin. Wa zai sa hannu?

Baba Tela: Kawo shago gobe in ji abin da ke ciki. In akwai layin da ya ce a rufe ta ƙarfe biyu, da almakashi zan cire shi.