Fokilif ɗina ya ƙi ɗaga tan biyu da rabi bayan canjin silinda

Assalamu alaikum injiniyoyi. Ina gyaran fokilif, wato motar ɗaga kaya mai cokula biyu na ƙarfe a gaba, a wani sito na shinkafa a Birnin Kebbi, kuma yau kwana shida abin ya tsaya mini.

Silinda biyu da mai ke turawa su ɗaga kaya sun lanƙwashe, masu kaurin sanda milimita 50. Na nema ban samu ba, sai na milimita 45 ɗan gwanjo. Na buga lissafi: a matsin mai na bar 160 (bar ma'aunin matsi ne), kowanne zai tura kusan tan biyu da rabi, su biyu tan biyar ke nan. Na ce ai shike nan, na ɗaura su.

Da buhu 40 masu kilo 50 yana hawa lafiya. Da an kai buhu 50, sai cokulan su ɗaga kamar taƙi ɗaya su tsaya cak, bawul mai sakin mai idan matsi ya kai iyaka na ta kuka, allurar gejin matsi ta kafe a 160. Mai ba ya yoyo ko ɗigo, sil, wato robobin tare mai, sababbi ne.

Zargina sarƙar da ke jan cokulan sama ce. Tunda cokali na tafiya ninki biyu na silinda, shin nauyin ma ninkawa yake, har da na karejin, wato ƙarfen da cokulan ke maƙale a jikinsa? In haka ne, in ƙara wa bawul matsi, ko in haƙura in aika Kano neman na 50? Mai gida dai yana tsaye a kaina.