Tallafin gwamnati ga manoma: me ya shigo hannunku a jihar Maraɗi?

Manomi daga Madarunfa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Damina ta ƙarato, rediyo ta fara maganar tallafi. Kowa ya faɗi abin da ya shigo hannunsa da gaske, ba abin da ya ji an ce ba. Taki ne, iri ne, ko kuɗi?

Dattijo daga Gidan Rumji: Wa alaikumus salam. Kuɗi dai don na noma hatsi, ban taɓa karɓa ba. Mu nan tallafi cikin buhu yake zuwa. Zamanin da CAIMA, hukumar gwamnati mai samar da kayan noma, ke riƙe da taki, buhu mai kilo 50 jika 13 da rabi ne na kuɗin sefa, kuma haka muka daɗe muna saye. Daga gyaran da aka fara a 2018 aka sakar wa ƴan kasuwa shigo da taki, rangwamen ya koma na waɗanda aka rubuta sunansu. Nawa ta hannun ƙungiya ya shiga. Wanda ba ya cikin ƙungiya sai dai ya ji labari.

Saurayi daga Mayahi: Baba, ku Allah ya yi muku kusa da hanya. Namu takin sai da aka gama maimai ya iso, hatsi har ya ɗauki ciki. A zuba shi a ina? Da yawa sun sayar wa dillalan da ke kai wa masu lambu a Jiratawa, kuma ni ban ga laifinsu ba. Watan Agusta ne, rumbu fayau, tiya ta yi tsada, yara suna kallonka. Nima rabin nawa can ya tafi. Ni da a ba ni shi da tsada kaɗan kafin shuka ya fi mini araha bayan lokaci ya wuce.

Shugabar ƙungiyar mata, Tasawa: Ku maza buhu kuke ƙirgawa. Mu gamana ce gare mu, ba ta cin buhu. Abin da ya amfane mu iri ne: wake mai saurin nuna, da irin hatsin da ake kira HKP wanda ko ruwa ya ɗauke da wuri ba ya barin ka hannu wofi. Malamin gona kuma ya koya mana ɗibar taki da yatsu uku a sa gindin kowace shuka, maimakon watsawa. Amma babban abu shi ne mangaza. Da kaka mu ajiye wake cikin buhu mai leda biyu, a kulle, a ba mu bashi a kansa mu yi sana'a, da bazara farashi ya tashi mu sayar mu biya.

Mai awon hatsi, birnin Maraɗi: Hajiya ta taɓo wurin. Manomi da kaka mai sayarwa ne, da damina mai saye. Hatsin rahusa na OPVN, hukumar gwamnati mai ajiyar cimaka, buhu mai kilo 100 a jika 13, yana taimakonsa ne a matsayin mai saye. Da aka hana fitar da hatsi da wake waje a Oktoban 2024, ban da Mali da Burkina, magidanta a gari sun yi murna. Wanda ya noma wake yana jiran masu sayen da ke zuwa daga Jibiya ta Najeriya ta hanyar Ɗan Isa kuwa, a gabana aka riƙa taya masa abin da bai mayar masa da kuɗin ƴan ƙwadago ba.

Saurayi daga Mayahi: Hajiya, mangazar taku tana karɓar kayan wanda ba ɗan ƙungiya ba?

Shugabar ƙungiyar mata, Tasawa: A'a ɗana, sai ka shiga, ko ku haɗa taku. Kuma ka shanya waken ya bushe ƙarau tukuna, mai danshi a bakin ƙofa muke mayar da shi.