Neman shawara: wace hanyar tuddai ce sabon mahayi zai iya, ƙwararre kuma ba zai gundura ba?

Mai Tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa mahaya keke. Mu bakwai ne muke fita da kekunan kwalta duk ƙarshen mako, kuma tun da mai tsara mana hanya ya yi ƙaura aka ɗora mini nauyin. Uku a cikinmu sun daɗe a harkar, biyu tsaka-tsaki ne, sai ƙanina da abokinsa da ba su cika wata huɗu da farawa ba.

Makon jiya na zaɓi wata hanya da ta ratsa ƙauyuka da tuddai, kilomita 42. Na ce ai ba wani abu ba ne, tunda yaran sun taɓa yin 50 a shimfiɗaɗɗiyar hanya suka dawo suna raha. Ashe ban san dawan garin ba. Tun a tudu na biyu ƙanina ya sauka yana tura keke, a na huɗu ya zauna bakin hanya ya ce shi da keke haihata-haihata. Manyan kuma suka yi ta jira har jikinsu ya mutu, ɗaya ya ce mini in haka za a riƙa yi gara ya fita shi kaɗai. Da na duba Strava, manhajar da ke auna tafiyar keke, daga baya, hawan da muka yi gaba ɗaya mita 780 ne.

Yaya ake gane hanyar da ta dace da kowa tun kafin a fita? Kuma dole ne mu rabu gida biyu?

Mai Farin Gemu:

Wa alaikumus salam. Ɗana, amsarka tana cikin tambayarka. Ka auna tsawon hanya, ka manta da tsayinta. Raba 780 gida 42, za ka samu kusan mita 19 na hawa a kowace kilomita. Wannan hanyar manya ce, ko ni zan ji ta a cinyata washegari. Yaron bai yi ragwanci ba, kai ka kai shi inda ba a kai sabon shiga.

Ga ma'aunin da nake aiki da shi, nawa ne na kaina, ba doka ba ce. Sabon mahayi ina nema masa kilomita 20 zuwa 30, hawan kada ya wuce mita 8 a kowace kilomita. Na tsakiya, kilomita 40 zuwa 70 da mita 10 zuwa 15. Abin da ya haura haka na waɗanda suka ga jiya suka ga yau ne.

Amma jimilla kaɗai tana yaudara. Buɗe manhajar taswira ta Komoot ko Ride with GPS, ka zana hanyar, ka dubi hoton hawa da gangaren da suke nunawa a ƙasa, ka nemi wurin da ya fi miƙewa tsaye. Kashi 5 cikin ɗari na nufin duk mita 100 da ka yi gaba ka hau mita 5. Wannan kowa zai iya in ya bi a hankali. Daga kashi 8 numfashi ke fara yin nauyi, daga 12 kuwa sabon mahayi sauka zai yi. Alpe d'Huez na Faransa, da ake hawa a gasar Tour de France, tsawonsa kilomita 13.8 ne da kwana 21, amma matsakaicin hawansa bai wuce kashi 8 da ɗan wani abu ba. Hanyoyin karkara kuwa sau da yawa sun fi shi mugunta a ɗan gajeren wuri, don ba a yi musu kwana-kwana an sassauta ba, tsohuwar turba ce aka zuba wa kwalta ta haye tudun kai tsaye. Manhaja za ta ce maka matsakaici kashi 6, ka je ka tarar rabi shimfiɗe ne rabi kuma bango.

Sannan akwai bambanci tsakanin dogon tudu guda ɗaya da ƙananan tuddai ashirin a jere. Na farko kana samun bugun da ya yi maka ka riƙe shi har sama. Na biyun shi ke cinye sababbi, don kowane tudu suna ganinsa ƙarami sai su afka masa da ƙarfi, kafin na goma ƙafa ta ƙare.

Mai Gyaran Keke:

Baba ya gama magana kan hanya. Ni tambayata, wace giya ce a keken ƙanin naka? Ƙirga haƙoran ƙaramin faranti na gaba da na babban faranti na baya ka faɗa mana.

Mai Tambaya:

Na ƙirga yanzu, Malam. Gaba 39, baya 25. Tsohon keken tsere ne ya saya na hannu.

Mai Gyaran Keke:

To ai ga ɓarawon nan. Tayar keken kwalta tana cin kamar mita 2.1 a juyi ɗaya. Da 39 da 25, duk zagayen feda guda keken na tafiya kusan mita 3.3. Ko feda 60 kawai yake yi a minti, dole ya riƙa gudun kusan kilomita 12 a awa, a kan tudu mai kashi 10 kuwa wannan aikin mai ƙarfi ne sosai. In ya kasa sai fedar ta yi nauyi, ya koma taka ta kamar mai hawa matakala, gwiwa ta ɗauki wahalar. Da 34 gaba da 34 baya, zagaye ɗaya mita 2.1 ne, zai hau da gudun kilomita 7 da rabi ƙafarsa tana juyawa. A hankali, amma a kan sirdi.

Fara da farantan baya, sun fi sauƙin canzawa: sa masu haƙora daga 11 zuwa 32 ko 34. Sai dai a duba na'urar canza giyar ta baya, irin ta tsofaffin kekunan tsere gajeren hannu gare ta, ba ta ɗaukar babban faranti, kuma yawanci sai an sa sarƙa mai ƙarin tsawo. In firam ɗin zai karɓi taya mai faɗin milimita 28, sa masa, kwaltar ƙauye ba ta raga wa siririyar taya.

Sarkin Hawa:

Ni fa gani nake ana lallaɓa yaran nan da yawa. Mu da muka fara wa ya auna mana kashi-kashi? Tura keke muka yi har muka daina turawa. Ku bar shi ya sha wuya sau uku, na huɗu zai haye.

Mai Farin Gemu:

Kai da ka jure kake ba da labari. Waɗanda kuka fara tare suka jingine kekunansu a bayan ɗaki, ba sa cikin wannan zaure balle su ba da nasu.

Uwar Tafiya:

Ƙanina mai tambaya, kowa na maganar hawa, ni gangare ne ke ba ni tsoro game da sababbi. Mai hawa in ya gaji sauka zai yi, mai gangarowa in ya ruɗe asibiti ne. Shekarata ta farko na shiga wata kwana da gudu, ruwan sama ya kwaso tsakuwa ya zube a daidai wurin, na damƙe birki a tsakiyar kwanar, sai ga ni a cikin ciyawa. Allah ya tsare, hular kwano ce ta fashe ba kaina ba. Koya musu su rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba, su riƙa kama birki suna saki maimakon su danne shi tun daga sama har ƙasa, musamman mai birkin da ke kama bakin wili, don zafi yake tarawa. Kuma su ɗauka bayan kowace kwana akwai tarakta ko dabbobi a tsaye.

Batun rabuwa kuwa, ba sai kun rabu ba. Zana hanyar kamar lamba 8. Zagayen farko mai sauƙi ku yi shi tare ta cikin kwari, ku dawo mahaɗa. Daga nan manya su tafi zagaye na biyu mai tuddai, sababbi su huta ko su kama hanyar gida da mutum ɗaya da ya san hanya. A zagayen da kuke tare, dokarmu ita ce kowa ya hau tudu da gudunsa, a haɗu a sama, wanda ya riga isa kuma jira ya ishe shi ya gangaro ya sake hawa tare da na ƙarshe. Da haka mai ƙorafin nan naka zai samu hawa ninki biyu, bakinsa ya mutu. Sa babban tudun a rabin farko, kuma in da hali ku fita iska na dukan fuskarku don ta turo ku a dawowa. Sauke taswirar a waya tun daga gida, cikin kwari sabis ɗaukewa yake.

Mai Tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na zauna da taswira na fitar da zagayen farko kilomita 24 da hawan mita 170, na biyu kilomita 31 da mita 560. Matsala ɗaya, a na farkon akwai wani wuri kamar mita 300 da ya kai kashi 9, kuma babu yadda za a kauce masa sai an bi babban titi mai manyan motoci. Baba, in bar shi a cikin zagayen?

Mai Farin Gemu:

Bar shi a ciki, gara tudu da tirela. Faɗa musu tun a gida cewa yana nan a kilomita kaza, su sauko giya tun kafin su iso gindinsa, kuma wanda ya tura keke ba wanda zai yi masa dariya. Amma a canza wa yaron farantin nan tukuna.