Ƙauyen Filifin: ina yake samun kuɗin aikinsa, kuma a ina abin ke lalacewa?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta 'yan gari ɗaya mazauna Legas na neman tsarin da za ta bi ta gyara ƙauyenmu. Ma'aikatan jirgin ruwa 'yan Filifin da ke sauka Apapa suna cewa a ƙasarsu ko ƙaramin ƙauye yana da kasafin kuɗinsa da zauren sulhunsa. Don Allah masana, yaya abin ya faro, kuma me ya kamata mu guje wa?

Malamin Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Gaskiya suka faɗa. Barangai ake kiran irin wannan ƙauye, kuma akwai kimanin 42,000 a ƙasar. Kafin zuwan Turawan Sifen, barangai gidaje ne 30 zuwa 100 a bakin kogi ko teku, ƙarƙashin shugaba mai sarautar datu. Da 'yan Sifen suka kafu daga 1565, sai suka riƙa kwaso mutane daga gonaki suna zaunar da su inda za su ji ƙararrawar coci, don haraji ya yi sauƙin karɓa. Shi ya sa har gobe za ka tarar da coci da fili da ofishin hukuma a tsakiyar gari, ƙauyuka kuma a warwatse a kewaye. Amurka ta karɓi ƙasar a 1898, ita ta baza makarantun firamare.

Amma abin da kake tambaya dokar ƙananan hukumomi ta 1991 ce ta kawo shi. Ba a ƙirƙiro sabon barangai sai yana da mutum 2,000. Ana zaɓen shugaba ɗaya da kansiloli 7, ga kujerar shugaban matasa. Gwamnatin ƙasa na ware kashi 40 cikin 100 na harajinta ga ƙananan hukumomi, barangai-barangai su ɗauki kashi 20 na wannan. Rabon kuwa, kashi 60 bisa yawan jama'a, 40 raba-daidai. Dole a ware aƙalla kashi 20 na kason don ayyukan raya ƙasa, kashi 10 na kuɗin ƙauye na matasa ne, kashi 5 na tanadin bala'i.

Inda gizo ke saƙa shi ne albashi da alawus, waɗanda doka ta yarda su ci har kashi 55 na kuɗin shigar ƙauye. Idan ƙauye ƙarami ne, abin da ya rage bai fi a zuba kankare a ɗan guntun titi ba. Ga kuma shugabanci da ke yawan zagayawa cikin gida ɗaya.

Dillalin Daleko:
Malam ya yi bayanin ofis, amma a gona ne ƙauyen ya sauya. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke garin Los Baños na ƙasar ta fitar da irin IR8 a 1966: gajere ne, ba ya kwanciya idan an zuba masa taki. Da ruwan madatsa sai aka koma noma sau 2 a shekara. A 1972 shugaban ƙasar na lokacin, Marcos, ya sa hannu a dokar da ta ba 'yan haya a gonakin shinkafa da masara damar mallakar hekta 3 mai ban-ruwa ko 5 marar ban-ruwa. Dokar 1988 ta faɗaɗa abin zuwa sauran amfanin gona: mai ƙasa ya riƙe hekta 5, manomi ya samu har 3, ya biya cikin shekara 30, kuma ba zai sayar ba sai bayan shekara 10.

To ga matsalar. An ba manomi gona, ba a ba shi jari ba. Shirin bashin Masagana 99 na 1973 ya ɗaga amfani da farko, daga baya manoma da yawa suka kasa biya, ya durƙushe. Sai aka koma bashin da suke kira biyar-shida, ka karɓi 5 ka mayar da 6, ko a jinginar da gonar a ɓoye.

Abu na biyu shanya. Shanshera na fitowa daga gona da danshi kashi 20 zuwa 25, kuma sai ya sauko 14 kafin ta ajiyu ko ta casu da kyau. Ƙauyen da ba shi da wurin shanya, a gefen kwalta ake bazawa, mota ta taka, tsakuwa ta shiga, ruwan sama ya sauko ta yi baƙi. Wanda ya rasa yadda zai yi sai ya sayar da ita jiƙe a wulaƙance. Wannan ne ya sa filin ƙwallon kwando na kankare da ke kusan kowane barangai ke zama mashanya da kaka. In ni ne ku, da irin wannan fili da hanyar fitar da kaya zan fara, ba da ɗakin taro ba.

Hajiya ta Obalende:
Alhaji, kada a manta da kuɗin 'yan ci-rani, sama da dala biliyan 30 a shekara. Su ke mayar da bukkar gora gidan bulo, su buɗe ɗan shagon tireda a jikin taga. Sai dai yawanci a gini da kuɗin makaranta suke ƙarewa, gona kuma a bar wa tsofaffi. Ku na Legas ma ku duba wannan. Sannan guguwa kusan 20 ke shiga yankin ƙasar duk shekara. Haiyan ta Nuwamba 2013 ta kashe sama da mutum 6,000, ta karya bishiyoyin kwakwa a tsibiran Leyte da Samar, kuma sabon dashe sai ya yi shekara 6 zuwa 8 kafin ya haihu.

Ɗan Agege:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, saura zancen sulhun.

Malamin Idi-Araba:
Tun 1978 ake yinsa. Shugaban ƙauye na naɗa dattawa 10 zuwa 20. Rikicin iyakar gona, bashi ko ƙaramin faɗa tsakanin mazauna gari ɗaya, gabansa ake fara kaiwa, yana da kwana 15. Idan ya gagara, a zaɓi mutum 3 daga cikin dattawan, su ma kwana 15, ana iya ƙara wasu 15. Lauya ba ya shiga zaman, kuma kotu na iya korar ƙarar da ba ta zo da takardar shaidar cewa sulhu ya ci tura ba. Abin da ba ku da shi shi ne kason gwamnati kai-tsaye, don haka ku rubuta rabon kuɗinku kashi-kashi tun kafin a tara su, ku sa iyaka ga abin da hidimar shugabanni za ta ci.