Neman kalma: me za mu kira "grain growth" da Hausa?

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum. Ana shirya darasin ƙarafa da tangaran da Hausa, sai kalmar nan ta tsaya mana. Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne. In aka goge shi ya yi sheƙi, aka shafa masa ruwan asid mai rauni, aka duba a madubin ƙara girma, za a gan shi yanki-yanki kamar gonaki masu iyaka da juna. A kowane yanki zarra, wato atom, ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ƙarfen, sun jeru sahu ɗaya, na maƙwabcinsa kuma sun fuskanci wani gefen. Yankin nan shi ne grain. Idan abu ya daɗe cikin zafi, yankunan su ƙara girma, yawansu ya ragu. Na sa "girman ƙwaya", amma raina bai kwanta ba.

Injiniyan Ƙarafa: Wa'alaikumus salam, Malama. Da gaskiyarki. "Girman ƙwaya" awo ne, kuma muna bukatarsa a wurinsa: a ce girman ƙwayar ƙarfen nan maikiromita 20 ne (maikiromita kashi ɗaya ce cikin dubu na milimita). Abin da kike nema aiki ne da ke gudana. Kada kuma a ce "kumburi", domin ƙarfen ba ya ƙaruwa ko kaɗan, babbar ƙwaya ce ke cinye ƙarama. Zarra da ke kan iyaka ba su zauna daidai ba, suna ɗauke da ƙarin makamashi, saboda haka abin yana neman rage yawan iyakokinsa. Gefen ƙaramar ƙwaya a tanƙware yake zuwa waje. Zafi na ba zarra damar tsallake iyaka su shiga sahun babbar, iyakar ta yi ta matsawa cikin ƙaramar har ta ɓace. In aka dube su a shimfiɗe kamar gonaki, ƙwaya mai gefe ƙasa da 6 tana ƙanƙancewa, mai fiye da 6 tana faɗaɗa, domin iyakoki uku sun fi son haɗuwa a kusurwar digiri 120. Bahaushe yana da sunan wannan tun a gona: cin iyaka.

Mai Fassara: Cin iyaka ya zauna, Injiniya. Amma me ya hana "tsaba" maimakon ƙwaya? Ƙwaya ta sha kaya: ta magani, ta cuta, ta ido, ta zarra.

Dakta Mai Tangaran: Tsaba abin zubawa ce a mudu, kowace a ware. Waɗannan a manne suke, ba tazara. A bar ƙwaya, sai dai a bambance. A aikinmu muna farawa da gari, a danne shi, a gasa. Ta garin a ce ƙwayar gari, wadda ake gani bayan gashi a ce ƙwayar jiki. In ba a raba su ba ɗalibi zai rikice, don ƙwayar gari ɗaya tana iya ƙunsar ƙwayoyin jiki da yawa.

Sannan cin iyaka ba zai ɗauke nauyin duka ba. Iyaka tana tafiya ko a lokacin da sababbin ƙwayoyi ke tsirowa cikin ƙarfen da aka buga da sanyi aka sake dumamawa, wannan kuwa mataki ne dabam da ke zuwa kafin namu. A bar cin iyaka ga tafiyar iyakar, a nemo wa sakamakon suna. Ni na kawo "haɓakar ƙwaya".

Mai Fassara: Haɓaka tana da ƙamshin yabo, Dakta. Kasuwa ake yi wa fatan haɓaka.

Injiniyan Ƙarafa: Ai ana cewa wuta ta haɓaka, ba yabo a ciki. Kuma abin ba kullum ne aibi ba. Ƙarfen cikin taransifoma, mai silikon kusan kashi 3 cikin 100, da gangan ake barin wasu ƙwayoyinsa su cinye sauran har su kai milimita da dama, duk sun fuskanci gefen da maganaɗisu ke bi cikin sauƙi. Norman Goss ne ya fito da hanyar a Amurka a shekarun 1930.

A yawancin aiki dai aibi ne. Masu bincike biyu, Hall a 1951 da Petch a 1953, sun nuna cewa ƙaramar ƙwaya ta fi ƙarfi, domin iyaka ce ke tare zamewar sahun zarra. In ƙwaya ta ninka girma sau huɗu, rabin ƙarfin da iyakoki ke bayarwa ya tafi, ƙarfen kuma ya fi saurin karyewa in aka doke shi. Shi ya sa walda kan tsage a gefen ɗinki: siririn wurin da ya wuce digiri 1,100 na Salshiyas bai narke ba, ƙwayarsa kan zarce maikiromita 100. Maganinsa rage wuta da yin ɗinki siriri sau da yawa maimakon kauri ɗaya. Maƙeri ma ya san alamar. Sifirin mota da aka bari a wuta har ya yi fari, in ya karye, bakin karayar tsaki-tsaki ne mai ƙyalli. Wanda aka kula da shi bakinsa toka-toka ne mai laushi kamar gari. Gyaran shi ne a mai da shi wuta ya ɗan wuce inda maganaɗisu ke daina kama shi, wato digiri 770, zuwa kamar 850, a fitar ya huce a iska, sau biyu ko uku. Tsofaffin ƙwayoyin ba ƙanƙancewa suke ba, tsarin zarra ne ke sauyawa, sababbi ƙanana su tsiro a madadinsu.

Zafi ya fi lokaci ɓarna nesa ba kusa ba. A lissafi, ninka girman ƙwaya na cin lokaci kusan ninki huɗu, amma ƙarin digiri 100 kan yi cikin mintuna abin da sa'o'i ba su yi ba.

Dakta Mai Tangaran: Mu a alumina, wato tangaran ɗin da ake yi da farin garin haɗin alminiyam da iskar oksijin, ba mu da wannan gyara, in ta haɓaka ta haɓaka. Kuma akwai nau'i na biyu da ke son sunansa: ƙwayoyi 'yan kaɗan su tsere wa sauran, su ninka su sau goma ko fiye. Wannan "gawurtar ƙwaya" ce. Ga ɓarnarta. A gashi, wajen digiri 1,600, ƙananan ramukan iska suna zaune kan iyaka, ta nan suke samun hanyar fita. In iyakar ta yi gudu ta bar su a baya, sun makale a tsakiyar ƙwaya, ƙarin wuta ba ya fitar da su. Abin da ke jawo ta: gari mai gauraye da manyan ƙwayoyi, dunƙulen da bai niƙu ba, ko ɗan datti na silika da kalsiyam da ke narkewa ya jiƙa iyaka. Robert Coble na kamfanin General Electric ya shawo kanta a ƙarshen shekarun 1950 da ɗan garin magnesiya, wato haɗin magnesiyam da oksijin, bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Iyaka ta rage gudu, ramuka suka fice, alumina ta fito haske na ratsa ta, ita ce bututun cikin fitilun titi masu hasken ruwan ɗorawa. Tukwanenmu na gargajiya ba su shiga zancen ba, wutar kara da itace ba ta kai inda ƙwaya ke motsi haka.

Injiniyan Ƙarafa: Saura abin da ke riƙe iyaka. Ƙananan ɓurɓushi na wani sinadari, kamar na alminiyam da naitirojin a cikin ƙarfe, suna tsayar da ita kamar dabba a turke. Na ce a kira su turakun iyaka. Sun fi riƙo in suna da yawa kuma ƙanana ne. Da zafi ya haura digiri 1,000 sai su fara narkewa, ba lokaci ɗaya ba, ƙwayar da ta fara kuɓuta ita ke gawurta.

Malamar Kimiyya: Allah ya saka da alheri. Zan rubuta haɓakar ƙwaya a kan babin, gawurtar ƙwaya ga mai wuce kima, cin iyaka da turakun iyaka a cikin bayani, girman ƙwaya ya tsaya ga awo. Dakta, "gashi" da kake ta faɗa ya ishe mu ga sintering? Burodi ma ana gasawa, ga shi a nan gari ne ke haɗewa ya tsuke ba tare da ya narke ba.

Dakta Mai Tangaran: Bai isa ba, Malama. Gashi aikin tanda ne, abin da ke faruwa a cikin garin dabam. Ina duba "curewa", sai dai ba ta nuna tsukewar ba, alumina kuwa kan rage tsawo kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a tanda. A buɗe mata zare nata.