Matsin aiki: na mace da na namiji iri ɗaya ne?

Ma'aikaciyar jinya:
Assalamu alaikum. Mun yi gardama da wani abokin aikina bayan mun sauko daga aikin dare. Shi a ganinsa, tunda awoyi ɗaya muke yi kuma albashi ɗaya muke karɓa, babu dalilin cewa matsin aiki ya fi cin mata. Na ce masa da ƙarfe takwas na safe shi kwanciya zai je ya yi, ni kuwa zan tarar da kwanukan jiya a jibge, ga wankin yara, ga tukunyar rana da dole in ɗora kafin in runtsa. Shin bambancin nan gaskiya ne, ko kuwa kowa nasa ciwon kawai yake ji?

Jami'ar kula da ma'aikata, Kaduna:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gaskiya ne, kuma an auna shi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa mace na shafe kusan awa huɗu da rabi a kullum kan hidimar gida da ba a biya, namiji kuwa bai kai awa ɗaya da rabi ba. Abokin aikinki awoyin asibiti kaɗai ya ƙirga. Inda abin ya fi tsanani, a abin da na gani, shi ne bayan haihuwa. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba mai jego makonni 12 da aƙalla rabin albashi, da rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa, jiharmu kuma ta ƙara wa ma'aikatanta mata hutun zuwa wata shida a 2019. Amma na sha ganin matar da ba ta neman wannan rabin awar, don kada a ce ta cika uzuri a tsallake ta ranar ƙarin girma, sai ta zauna a kan tebur nono na zuba, hankalinta na gida.

Malamin sakandare:
Hajiya, ban musa ba, sai dai a dubi ɗaya ɓangaren. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya danganta mutuwar mutum 745,000 a 2016 da yin aikin awa 55 ko fiye a mako, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, kuma kashi 72 cikin 100 maza ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ina tashi daga aji sai in hau keke Napep har bayan Isha'i, domin albashi ba ya kai mu tsakiyar wata. Namiji ba ya cewa ya gaji, don za a ce masa rago. Hawan jinina ma sai da na yanke jiki na faɗi a filin taron ɗalibai aka gano shi.

Ma'aikaciyar jinya:
Allah ya ƙara sauƙi, Malam, kuma don Allah ka riƙa awon jini akai-akai, kada ka daina shan magani don ka ji dama. Maganarka ta tuna mini da abokin aikin nawa. Ma'aikatan tarayya ne mu, maza na da hutun kwana 14 idan matansu sun haihu, amma da tasa ta haihu bara, washegarin suna ya dawo aiki, wai yana gudun a riƙa kiransa mai jego.